Yadda Ake Zaɓar Yadin Auduga Mai Zane Don Ɗinka Rigar Matan Ingila ta Shekarun 1780

Telan da aka kawo wa aikin kayan wasan kwaikwayo na tarihi, ko kayan baje koli, yakan ɗauka cewa wahalar aikin tana wajen yanka da ɗinki. Ni ma haka na ɗauka a karon farko da aka ce in ɗinka wa wata ɗaliba rigar matar ɗan kasuwar Landan ta wajajen 1780. Na shiga kasuwa na zaɓo yadi mai manyan furanni da ganye kore shar, na yi mako biyu ina ɗinkin hannu, ranar da aka saka rigar a dandamali kuwa sai ta fito tamkar an kwance labulen otal an ɗaura wa yarinya. Yankan daidai ne, ɗinkin ma babu laifi, amma yadin na zamanin da ya biyo baya ne da shekara ɗari. Tun daga ranar na gane cewa irin wannan riga a gaban mai sayar da yadi take gyaruwa ko ta lalace, domin kowane zamani yana da launin da masu rini suka iya fitarwa da kuma wanda ba su kai gare shi ba tukuna, kuma ido yana gane bambancin ko da mai idon bai san dalili ba.

Mataki na farko: a tsayar da shekara, da gari, da matsayin mai rigar

Kafin a taɓa kuɗi, a rubuta abu uku a takarda: shekarar da labarin ya faru, ƙasar da ya faru, da kuma ko mai rigar baiwar Allah ce mai aikatau ko matar mai hali. Wannan ba tsirfa ba ce, domin akwai shekarun da doka ta haramta sanya irin wannan yadi ɗungurungum. Faransa ta hana shigo da yadin auduga mai zane da kuma buga shi a cikin gida tun 1686, ba a ɗage haramcin ba sai 1759. A Ingila dokar 1700 ta hana shigo da wanda aka buga a Indiya, sannan ta 1721 ta hana sayar da shi da sanya shi, har da tarar fam 5 ga wadda aka kama da shi a jikinta da fam 20 ga mai sayarwa. Masaƙan siliki da na ulu ne suka matsa aka yi dokar, saboda yadin Indiya ya kashe musu kasuwa, har ta kai a 1719 masaƙan unguwar Spitalfields a Landan suna tare mata a titi suna yayyage musu riguna. A 1736 aka yi sassauci ga yadin da aka saƙa da zaren tsaye na lilin da zaren kwance na auduga, sai a 1774 aka sakar wa masu buga zallar auduga mara. Shi ya sa na zaɓi shekarun 1780 a matsayin misali: lokaci ne da yadin ya wadata, uwargida tana sa shi da safe, mai yi mata aiki ma tana da nata.

Mataki na biyu: a cika ido da na asali

A nan ya kamata a ɓata lokaci. Gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya saka hotunan riguna da ƙyallaye masu yawa a intanet, kuma a cikin ajiyarsa akwai kundin wata mata mai suna Barbara Johnson, wadda tun daga 1746 har zuwa 1823 take maƙala ƙyallen kowace riga da ta ɗinka a shafi, ta rubuta shekara da yawan yadi da kuɗin da ta biya. Ga mai neman kayan talakawa kuma, babu kamar ajiyar gidan marayu na Foundling a Landan, inda a tsakiyar ƙarni na 18 aka riƙa maƙala ɗan ƙyalle a takardar rajistar jaririn da aka kawo, domin ya zama shaida idan uwar ta dawo neman ɗanta. Dubban ƙyallayen suna nan har yau, kuma mafi yawan masu zanen cikinsu launi ɗaya ne ko biyu: ɗan reshe ruwan ƙasa, ɗigo-ɗigo shuɗi, ƙaramin fure ja a kan fari. Sun ɗan girmi shekarun da muke magana a kai, amma suna nuna abin da aljihun talaka ke iya ɗauka.

A tara hotuna kamar ashirin na shekarun da ake so, a jera su a waya, a riƙa dubawa har ido ya saba. Abin lura shi ne yawan farin fili da aka bari tsakanin fure da fure, da sirantakar rassan da ke lanƙwasa suna bin juna, da kuma girman fure idan aka gwada shi da tafin hannu. Yawancin furannin rigunan wannan lokaci ba su kai tafin hannu ba.

Mataki na uku: a san yadda aka buga zanen, domin shi ke nuna shekara

Asalin sana'ar ta Indiya ce, musamman gaɓar Koromandel a kudu maso gabas. Can mai zane yakan fara jiƙa farin yadi a ruwan 'ya'yan wata itaciya mai aiki irin na bagaruwa, haɗe da madarar ɓauna, domin kada ruwan zane ya bazu. Sai ya ɗauki alƙalamin gora ya zana layuka da ruwan tsatsar ƙarfe, su koma baƙi, kusan yadda dukawa ke samun baƙin fata. Inda yake son ja kuma sai ya shafa ruwan alif. Idan aka dafa yadin a tukunyar saiwar rini, wurin da alif ya taɓa ne kawai zai kama ja, sauran a wanke a shanya a rana ya koma fari. Shuɗi kuma sai an rufe dukkan sauran yadin da kakin zuma, a tsoma a baba, a narkar da kakin. Aikin makonni ne, kuma shi ya sa launin ba ya zuba, abin da ya ruɗa matan Turai da suka saba da siliki da ulu waɗanda ba a iya wankewa yadda ake so.

Turawa sun kwaikwayi dabarar da hatimin katako. Ana sassaƙa zanen a kan katako, a dangwala shi a ruwan alif ko na ƙarfe da aka kaurara da ƙaro, a ɗora a kan yadi a buga da guduma, a matsa gaba. Kowane launi da hatiminsa. A kusurwoyin katakon akwai 'yan ƙusoshi da ke barin ɗigo a jikin yadi domin mai bugu ya san inda zai ɗora na gaba, kuma idan aka kalli tsohuwar riga da kyau za a ga ɗigon, a ga kuma inda jan ya ɗan zarce layin baƙi, inda wani ganye ya rasa rabin launinsa. Wannan ƙaramar karkacewa ita ce kyawun yadin, kuma duk yadin da ya fito tsaf babu tangarɗa ko ɗaya, kamar hoton kwamfuta, ya yi nisa da wannan zamani. Da yake hannu ne ke ɗaga hatimin, zanen yakan maimaita kansa a tazarar da ba ta cika wuce ƙafa ɗaya ba.

Hanya ta biyu ita ce farantin jan ƙarfe da aka yi wa zane da tsinin ƙarfe, wadda Francis Nixon ya fara a Drumcondra kusa da Dublin a 1752. Tana fitar da siraran layuka masu kyau ainun, amma launi ɗaya tak: ja, ko shuɗi, ko shunayya, ko ruwan ƙasa. A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Sun ji sunan masana'antar Jouy kusa da Versailles a Faransa, wadda Christophe-Philippe Oberkampf ya kafa a 1760, sun ga yadin nan mai hotunan makiyaya da tumaki da bishiyoyi, sai su saye shi su yi riga. Wannan yadin labule ne da rufin gado da kujera. Jouy ɗin kanta mafi yawan abin da ta buga ƙananan furanni ne na hatimin katako domin tufafi, su ya kamata a nema.

Hanya ta uku, wato injin birgima mai silindar jan ƙarfe, Thomas Bell ya yi mata rajista a 1783, amma ba ta mamaye kasuwa ba sai da aka shiga ƙarni na 19. Ƙananan zanen nan masu cunkoso, waɗanda suka cika fili babu wurin saka tsinke, aikinta ne. Sun dace da rigar 1830 ko 1860, ba su dace da tamu ba.

Mataki na huɗu: a tantance launi

Ga rigar 1780, launukan da ke hannun mai bugu daga tukunya uku suke fitowa. Ta farko ita ce saiwar fuwwa, wadda Turawan Ingila ke kira madder. Da alif mai ƙarfi tana ba da ja mai ɗan duhu irin na bulo, da alif mai rauni ta ba da ruwan hoda, da ruwan ƙarfe mai rauni ta ba da shunayya mai dushi-dushi, da mai ƙarfi ta ba da baƙi, idan an gauraya alif da ƙarfe kuma a sami ruwan makuba. Abin mamakin shi ne duk waɗannan a tsoma ɗaya suke fitowa. Ta biyu ita ce baba, wadda aka riƙa shafawa da buroshi a kan furanni bayan an gama rinin ja, kuma mata da yara ne suka fi yin wannan aiki, shi ya sa shuɗin yakan fita waje da layi. Ta uku ita ce rawaya ta ganye ko ɓawon itace.

Kore shi ne babban mai tona asiri. A wancan lokaci babu rinin kore mai kama yadi a bugu ɗaya. Ba a same shi ba sai wajajen 1810. Abin da ake yi shi ne a shafa rawaya a kan shuɗi, saboda haka ganyen yakan fito da gefe shuɗi a nan, gefe rawaya a can, koren kuma mai sanyi ne, ba mai ɗaukar ido ba. Da yake rawaya ce ke fara koɗewa, yawancin tsofaffin rigunan da ke gidajen tarihi ganyensu ya koma shuɗi. Don haka yadi mai shuɗin ganye karɓaɓɓe ne, mai kore shar irin na ɗanyar ciyawa kuwa a ajiye shi. Haka nan a guji shunayya mai walƙiya, domin William Perkin bai gano rinin farko irin na sinadari ba sai 1856. A guji rawaya mai ƙarfi da ruwan lemo mai haske, waɗanda suka shigo wajajen 1820. Jan fili mai haske da aka ƙwaƙule masa furanni farare da rawaya shi ma na bayan 1810 ne, lokacin da Daniel Koechlin na garin Mulhouse ya gano dabarar. Ruwan zinare da ƙyalƙyali kuma kada ma a tsaya kallonsu.

Game da fili, fari shi ne amintacce. Fili mai duhu, wato baƙi-baƙi ko ruwan makuba da furanni a kai, ya yi tashe a shekarun 1790, don haka idan labarin ya gangaro zuwa ƙarshen ƙarnin ana iya ɗaukarsa. Akwai wata yaudara da ya kamata a sani: masu buga yadin kwaikwayo na yau sukan mayar da filin ruwan shayi domin ya yi kama da tsoho. Amma matar 1780 sabuwar riga ta saka, kuma farinta fari ne, domin an shanya yadin a kan ciyawa rana ta gasa shi. Tsufan shekara ɗari biyu ne ya dafar da wanda muke gani a hoto. A nemi fari mai ɗan taushi irin na madara, kada ya zama ruwan shayi, kada kuma ya zama farin nan mai shuɗi-shuɗi na rigar makaranta.

Mataki na biyar: a shiga kasuwa

A tafi da hotunan, da tef ɗin awo, da farin ƙyalle, da ɗan ruwa a gora. Tambayar da kowa zai fara yi a nan ita ce ko atamfa za ta yi, tunda ita ma auduga ce mai zane. Ba za ta yi ba. Atamfa 'yar gidan ce, amma autar gidan ce: daga kwaikwayon da mutanen Holan suka yi wa batik na tsibirin Java ta samo asali, masana'antar garin Helmond na Holan da ake sani da Vlisco a 1846 aka kafa ta, kuma sai a ƙarshen ƙarni na 19 irin wannan yadi ya kama kasuwar Afirka ta Yamma. Manyan zanenta da tsattsagewar kakinta ba su da alaƙa da Landan ta 1780. Ko a 1851 da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano ya tarar da yadin Manchester da aka ƙetaro da shi ta Sahara, ba atamfar da muka sani ya gani ba.

Abin da ya fi kusa da na asali a kasuwar yau shi ne yadin Indiya na hatimin katako, wanda har gobe ake bugawa da hannu a Sanganer da Bagru kusa da Jaipur. Na Sanganer ya fi dacewa, domin an san shi da ƙananan furanni a farin fili. Sai dai a tace, a bar mai giwa da ɗawisu, a bar mai zanen nan mai kama da ƙwallon mangwaro mai lanƙwasasshen kai, wanda bai shiga tufafin matan Turai sosai ba sai bayan 1800, a kuma bar mai faffaɗan ado a baki, sai fa idan za a yanke bakin. Wanda ya je Kantin Kwari ya tsallake layin atamfa da leshi, ya nufi masu yadin kayan yara da na rigar barci da zanen gado, domin a nan ake dace da ƙaramin reshe ja da shuɗi a kan fari. Zanen gado na zallar auduga sau da yawa ya fi yadin da aka buga musamman don masu son tarihi, wanda yawancinsa an yi shi ne don haɗa bargon faci, ya yi kauri, ba ya zubowa a jiki.

Idan an ga wanda ya yi, a yi masa gwaji uku kafin a biya. A damƙe shi a hannu a saki. Auduga za ta yamutse ta zauna a yamutse, mai roba kuwa za ta miƙe. A ɗaga shi sama a kalli haske ta cikinsa, ya kasance saƙar ta matse amma yadin siriri ne, ana ganin inuwar yatsu ta baya. Sannan a jiƙa farin ƙyallen a goga a kan jan furen da ƙarfi. Idan ƙyallen ya ɗauki launi sosai, yadin mai zuba ne, kuma farin filinsa ba zai kai wanki na biyu ba. Idan mai shago ya yarda ya ba da ɗan ƙyalle, a ƙona bakinsa a waje. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Mai roba tana narkewa ta dunƙule ta zama baƙin ƙullutu mai tauri.

Daga nan a ja da baya taku goma a sake kallo. Daga nesa ya kamata a ga fari da ɗan yayyafin launi. Idan daga nesa furen ne ke fara yi wa mutum sallama, ya yi girma.

Maganar yawa kuma, ga yadi mai faɗin inci 45, rigar macen da ba ta cika tsawo ba tana cin yadi shida, wato kimanin turmi guda, idan an yi tattali. Idan ana son siket ɗin da ke leƙowa ta gaba ya zama na yadi ɗaya da rigar, a ƙara yadi biyu da rabi ko uku. A sayi yadi ɗaya da rabi na lilin fari ko mai launin akoko domin shafi. A kuma saya gaba ɗaya daga bandir ɗaya, domin yadin hannu ba ya fitowa launi ɗaya sau biyu.

Mataki na shida: wanki da guga kafin almakashi

A yanki ƙyalle mai inci 10 kowane gefe, a wanke, a shanya, a goge, a sake aunawa, domin a san iya tsukewar da yadin zai yi. Sannan a kalmashe bakin da aka yanka na babban yadin don kada ya zare, a wanke shi shi kaɗai a ruwa mai ɗumi da sabulu marar bilic, a yi ta ɗauraya har ruwan ya fita garau. A shanya a inuwa, a buɗe, kada a ninka shi jiƙe a kan igiya ja ya kwanta a kan fari. A goge shi tun da sauran laima.

Yadin asali yana da sheƙi. A Indiya da ruwan shinkafa ake shafe shi a goge da ƙoƙon kodi har ya yi santsi, a Turai kuma a matse shi tsakanin manyan silindoji. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu bugu a Kano ya ga yadda ake dukan shadda a kan gungume har ta ɗauki ƙyalli ya san irin sheƙin da ake nufi. A gida ana iya kusantarsa da sitati mara kauri da dutsen guga mai zafi, a goga ta fuskar yadin ana dannawa. Mai son kai wa masu bugu ya fara kai musu ƙyalle, domin siririn yadi ba ya jure abin da shadda ke jurewa.

Mataki na bakwai: yanka da ɗinki

Ba a auna wannan riga a kan jiki kai tsaye. Matan lokacin suna sa doguwar farar taguwa ta lilin, a kanta su ɗaura rigar matse ƙirji mai tauri da ake zarge wa igiya, wadda ke mayar da gangar jiki kamar mazurari, sannan fatari ɗaya ko biyu da ɗan matashi a bayan ƙugu. A kan waɗannan ake awo. Idan babu su, duk kyawun yadi rigar za ta zauna a jiki kamar buhu.

A fara da shafin lilin, a yanka shi, a kama shi da fil a jikin mai rigar har ya lafe, shi ne ginshiƙi. A kansa ake shimfiɗa yadin mai zane. Baya iri biyu ne. A tsohon yayi ana barin tsakiyar baya ya sauko a yanki ɗaya tun daga wuya har ƙasa, a naɗe shi a tattara ana bin lanƙwasar gadon baya, a danne kowace tattara da ƙananan ɗinki ta sama. A sabon yayin shekarun 1780 kuma ana yanka bayan gida huɗu, ya ƙare da tsini a ƙugu, a haɗa siket daban. Ga yadi mai fure na fi son na farko, domin ba ya daddatsa rassan zanen.

Siket ɗin ba shi da wani yanka na fasaha. Tsawon yadi ne ake jerawa baki da baki a haɗa da miƙaƙƙen ɗinkin hannu, kimanin ɗinki takwas zuwa goma a inci, a bar tsaga a kowane gefe domin hannu ya kai ga aljihun da ake ɗaurawa a ƙugu ta ciki. Sai a tattara samansa da ƙananan tattara masu faɗin kwatan inci, a jere kamar haƙoran mataji, a ɗinke a jikin rigar, a bar gaba a buɗe. Idan aka dace bakin yadin mai tsabta ne, kada a yanke shi. Daga 1774 zuwa 1811 doka ta sa masaƙan Ingila su saka shuɗin zare uku a bakin yadin audugarsu domin masu karɓar haraji su bambanta shi da na waje, kuma da wannan zare ne ma'aikatan gidan tarihi ke gane shekarun riga idan sun juya cikinta.

Hannu yana tsayawa a gwiwar hannu, ya ɗan rufe ta. Ana ɗinke rabinsa na ƙasa ta ciki, a saka wa mai rigar, a tattara samansa a kan kafaɗa, sannan a rufe da wani siririn ƙyalle da ke ratsa kafaɗar daga gaba zuwa baya. Gaban rigar yana haɗuwa a tsakiyar ƙirji, kuma da fil ake kama shi a jikin rigar matse ƙirjin. Babu zif, babu roba.

Akwai wani hali na telan yau da ya kamata a danne a nan, wato son fure ya haɗu da fure a kowane ɗinki. Masu ɗinkin wancan zamani yadi ne ke musu tsada, aikin hannu kuwa araha, saboda haka ba sa zubar da ko ɗan yatsa. Za a ga rigar mai kuɗi da hannu ɗaya furanninsa na kallon sama, ɗayan na kallon ƙasa, da faci uku a ƙarƙashin hammata, babu wanda ya ɗauke shi aibi. Idan yadi ya gaza, a yi ƙari da guntaye a inda hannu ke rufewa. Zare kuma na lilin ne fari, a ja shi a kan kakin zuma kafin a zura a allura don kada ya tsinke, domin zaren ɗinki na auduga bai yaɗu ba sai ƙarni na 19. Keken ɗinki ma sai a tsakiyar wancan ƙarni ya shiga gidaje. Idan lokaci ya ƙure, kamar yadda yakan ƙure wa mai aikin dandamali, a bi dogayen ɗinkin siket na ciki da keke, amma kalmasar ƙasa da bakin wuya da tattarar baya a yi su da hannu, domin su ido ke gani.

Mataki na takwas: gwaji na ƙarshe da ajiya

A saka wa mai rigar komai, har da farin ƙyallen da ake yafawa a wuya a cusa bakinsa cikin ƙirji, da farar hula, da farin gyauton gaba idan mai aiki ce, sannan a tsayar da ita a ƙarƙashin fitilar da za a yi wasan da ita. Fitilar dandamali tana cinye ruwan hoda, ta mayar da shunayya ruwan toka, don haka idan furen ya ɓace gaba ɗaya, a ƙara kirtani ja ko shuɗi a hula da ƙirji maimakon a canja yadi. Bayan an gama, farar taguwar ciki ce ke shan gumi, ita za a wanke. Rigar kanta a juya cikinta a rataye a inuwa ta sha iska, a goge tabo da jiƙaƙƙen ƙyalle, a cire duk fil ɗin da ke jiki kafin damina ta sa su yi tsatsa, a naɗe ta cikin tsohon farin zane a sa a akwati.